Mirza Ghalib, Mawaƙin da Ya Raina Waƙoƙinsa na Urdu

A wani lungu na unguwar Ballimaran cikin tsohon birnin Delhi akwai gidan da Mirza Ghalib ya rasu a 1869. An haife shi a Agra a 1797, bashi kuwa bai taɓa sakinsa ba. Neman haƙƙinsa na fansho ya kai shi har Kalkata a 1828, ya dawo hannu rabbana.

Abin mamaki, da waƙoƙinsa na Farisanci yake tinƙaho, amma ɗan ƙaramin diwaninsa na Urdu shi duniya ta riƙe. Ya ɗauki gazal, waƙar bege mai baitoci masu ɗango biyu-biyu, ya zuba mata shakka da tambaya da barkwanci, har Mahalicci yakan kai wa ƙorafi.

Wasiƙunsa ma ba baya ba. Ya watsar da doguwar gaisuwar fadanci, yana rubuta wa abokai tamkar hira, abin da ya sassauta rubutun zube na Urdu. A cikinsu ake ganin yadda Turawan Ingila suka ragargaza Delhi bayan boren da Indiyawa suka yi musu a 1857.

A 1988 darakta Gulzar ya mayar da rayuwarsa wasan talabijin, mawaƙi Jagjit Singh ya rera waƙoƙin.