Tunawa da Kakana, Matafiyi a Tafarkin Allah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass.

An umarce ni da in yi tsokaci a kan rayuwar kakana, wanda dattawan wannan zawiyya suka yi wazifa tare da shi shekaru masu yawa.

Marigayi ya tashi a Kano, ya sauke Alƙur'ani, sannan ya bi fataken goro zuwa Kumasi. Daga baya ya ɗaura niyyar aikin Hajji da ƙafa. Ya bi ta Maiduguri da Fort Lami, wadda ake kira Njamena tun 1973, ya ratsa Abeshe da Fashir da Ubayyid. Da guzuri ya ƙare, sai ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira. Ya kuma zauna a Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Sai da ya shekara bakwai kafin ya dawo, har an fid da rai da shi.

Bai raina kowane irin sani ba. Ya iya ɗinkin babbar riga, ya san saiwoyin magani, yana gyaran agogo, yana kiwon tattabaru. Da daddare yakan fitar da mu tsakar gida ya nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ya ce da taurari suke gane hanya a daji. Wasu sun riƙa ce masa mai ƙafar yawo, amma duk inda ya sauka, gidan malami yake fara tambaya, kuma lazimin safe da na yamma bai taɓa kuɓuce masa ba. Da failar Shehu Ibrahim ta game ƙasar Kano, ya tafi Kaulaha ya yi tarbiyya, ya dawo ya lazimci zawiyya har ƙarshen rayuwarsa.

'Yan'uwa, akwai abin da yake ci mini rai. Marigayi ya bar gafaka uku cike da takardu: ijazozinsa, da silsilar malamansa, da labarin tafiyarsa wanda ya rubuta da ajami. Ni aka damƙa wa su. Na ajiye su a ɗakin soro ina cewa sai na sami sukuni. Ranar da na buɗe, na tarar gara ta cinye biyu. Sunayen malaman da ya karanta Risala da Muhtasar a wurinsu a Sudan sun tafi ke nan, ba mai iya dawo da su.

Saboda haka ina roƙon duk wanda yake da takardun magabata a gidansa, ya fito da su a kwafe tun kafin taron baɗi. Wanda kuma yake da dattijo a raye, ya zauna gabansa ya tambaye shi, ya rubuta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya tabbatar da mu a kan wuridinmu, albarkacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.