Katafila ta nuna 110-3: sansa ce ta mutu ko waya ce ta tsinke?

Yau hirar tamu ta masu baƙin mai a hannu ce, amma ko ba ka taɓa riƙe sifana ba, dan Allah tsaya ka ji, akwai kuɗi a cikin maganar.

Duk mai bin hanyar Kazaure zuwa Daura ya ga yadda manyan injina suka ƙaru a ƙasar nan tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, kuma ya ratsa ta Daura. Ban da su, ga 'yan kwangilarmu na gida masu katafilar haƙa guda ɗaya tak, suna ba da ita haya a ramukan marmara da yashi. Irin waɗannan nake tausaya wa. Ranar da allon gaban direba ya kawo lamba, inji ya rage ƙarfi, aiki ya tsaya, tifofi suna jere suna jira, su kuma leburori ranar ba abin kaiwa gida.

Kwanaki wani abokina direba ya kira ni daga wajen Sandamu. Injinsu ya nuna 110-3. Maigidansa ya aika Kano, Kofar Ruwa, aka sayo sabuwar sansa, aka ɗaura, lamba tana nan daram. Ƙarshenta dai ɓera ne ya ci waya a ƙarƙashin inji.

To me lambar take faɗa? A injinan Caterpillar gida biyu ne ke da muhimmanci. Na farko sunan ɓangaren: 110 sansar zafin ruwan lagireto ce, 100 sansar ƙarfin baƙin mai, 190 ta gudun inji. Na biyu irin laifin: 3 na nufin wutar da ke komawa kwamfutar inji ta yi sama fiye da ƙima, 4 kuma ta yi ƙasa, 2 tana rawa, ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ku lura, kwamfutar ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi abin da take gani a kan layin bai yi mata daidai ba. Layin kuwa ya haɗa da ita sansar, da filoginta, da wayoyin da suka tafi har kwamfuta, da ita kwamfutar kanta. Masu laifi huɗu ke nan, mu kuma kullum na farko muke kamawa saboda shi ne ake sayarwa a shago.

Wani abu da ke rikita mutane: me zai sa waya ta tsinke amma a ce wuta ta yi sama? Ai kamata ya yi ta yi ƙasa. Dalilin shi ne kwamfutar da kanta tana ɗora wa wayar saƙo 'yar wuta, sansa ce ke janyo ta ƙasa gwargwadon zafin da ta ji. Da zarar waya ta yanke, ba mai janyowa, sai wutar ta haye ta tsaya a sama. Shi ya sa 3 sau da yawa tsinkewa ce ko filogi ya kwance, 4 kuwa waya ce ta gogu ta taɓa ƙarfen jiki.

Yanzu gwajin. Ka fara sauke bokiti ƙasa, ka kulle haidirolik, ka kashe makulli. Kar ka cire filogi da wuta a kunne. Buɗe shi ka duba da ido: ƙurar hunturu, ruwan damina, tsatsa mai kore-kore, ko ƙafa ɗaya ta koma ciki. Da yawa a nan suke ƙarewa. In bai nuna komai ba, sami guntuwar waya ka haɗa ramuka biyun filogin, ta ɓangaren da ya tafi kwamfuta, sannan ka kunna makulli ka ɗan jira kamar daƙiƙa talatin. Idan 110-3 ta koma 110-4, alhamdulillahi, wayoyi da kwamfuta lafiyarsu ƙalau, yanzu kana da hujjar sayen sansa. Idan ta ƙi canzawa, saƙon bai isa ba, laifin yana hanya. Sai ka bi damin wayoyin a hankali, musamman inda ya jingina da ƙarfe ko ya kusanci salansa, kana girgiza shi wani yana kallon allo.

Wannan na sansa mai waya biyu ne. Ta ƙarfin baƙin mai waya uku gare ta: ɗaya ta kawo mata bolt 5, ɗaya ta dawowa, ɗaya ta saƙo. A nan kar ka haɗa waya da ka, mita za ka sa ka tabbatar bolt 5 ɗin ta iso. Kuma in ka ga sansa uku ko huɗu sun kawo lamba lokaci guda, tare da 262, ba wai duk sun mutu rana ɗaya ba ne. Layin bolt 5 ɗin da suke sha tare ne ya samu matsala, wataƙila ma guda ɗaya ce ta ja sauran.

Inda nake so a ji ni da kyau: akwai bambanci tsakanin lambar layi da lambar gargaɗi. E360 na cewa ƙarfin baƙin mai ya faɗi da gaske, E361 ruwa ya yi zafi da gaske. Waɗannan ba maganar waya ba ce, kashe inji za ka yi. Masu cire filogi ko su liƙe allo da salatif don a ci gaba da aiki, wallahi inji suke jinginarwa saboda kuɗin yini ɗaya.

Abin da ke damuna a matsayina na ɗan Daura shi ne duk abin da na lissafa mita ɗaya da guntuwar waya yake buƙata, amma sai a jira mai gyara daga Kano, a biya shi har kuɗin mota. Alhali muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019. Ina kira gare su su buɗe gajeren kwas na wayarin manyan injina, na yamma, ga yaran gareji waɗanda ba su da takardar sakandare. Su ne ke kwana a ƙarƙashin injinan nan daga Zango har Baure.

Direbobi da masu wayarin, ku turo mana lambar da ta fi wahalar da ku da samfurin injin, don Komatsu da Volvo tsarin lambobinsu daban yake, su za mu taɓa a shiri na gaba.