BAƘO ƊAN SA-KAI A ƘASAR ADAR
Jawabin da wani mushen lakwal ya yi a taron reshen Tawa

Ya ku dattawa, iyayenmu mata, da samarin Tawa, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, don maganar yau ta baƙi ce, watau anasara 'yan sa-kai da suka baro ƙasashensu suka zauna ƙauyukanmu.

Ga asalin abin. A shekarar 1961 shugaban Amurka Kenedi ya kafa ƙungiyar da muka sani da sunan Kor da la Pe. A 1962 mutum 7 na farko suka sauka Nijar don koyar da Ingilishi. Faransa ma ta kafa tata ƙungiyar a 1963. Daga 1962 zuwa watan Janairu 2011, sa'ad da Amurka ta janye mutanenta saboda rashin tsaro, fiye da 3,000 sun yi aiki a ƙasar nan, akasarinsu shekara biyu-biyu.

Ku duba tafiyar wanda aka turo Adar. Ya tashi daga Yamai, ya bi Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, kana ya juya arewa ta Badagishiri, wajen kilomita 550 kafin ya ga Tawa. Ya tarar da jan dutse da tuddai da kwaruruka. Ran Lahadi ya shiga kasuwa ya ga Ba'adare da hatsi, Bafillace da nono, Buzu da raƙumi, kowa da harshensa.

Abu na farko da ke ɗaure masa kai shi ne gaisuwa. Shi ya zo da takarda da agogo, yana son a shiga magana. Mu kuwa sai an tambayi kwana, da gajiya, da gida, da sanyi. In ya tsallake wannan, maigari zai saurare shi da ladabi, amma maganarsa ba ta wuce zaure ba.

Na biyu, abinci. Ana tarbarsa da ruwa, a dama masa fura, a ce ya sha. Ya koyi tuɓe takalmi, da ci da dama, da karɓa da dama. In ya yi arewa wajen Abalak, a zuba masa shayi har sau uku, kuma ba a tashi a kofin fari. Kafin wata ya cika an raɗa masa sunan Hausa, ya zama ɗan gidan wane.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne kunyarmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai baƙo mai ƙidayar yara ya zaci ɓoyo take yi. Dattijo ya ce masa "to, mun ji", sai ya rubuta cewa gari ya yarda, alhali ba a ko fara shawara ba. Ya kira taron maza da rani, ya tarar rabin gari ya tafi cirani Abijan ko Najeriya. A nan aiki da yawa ya lalace, ba don mugun nufi ba, sai don an yi magana ba a ji juna ba.

To, ina aka ga riba? Ku je Majiya, cikin ƙasar Buza. Iska na kwashe ƙasar gonaki, tana binne shuka. A 1975 ma'aikatan gandun daji namu, da 'yan sa-kai na Amurka, da ƙungiyar CARE suka fara dasa bedi jeri biyu-biyu, tsakanin layi da layi mita 100, don tare iska. Manoma ne suka san inda iska ke bugowa da inda ruwa ke kwanciya. Aka sa masu gadi saboda bisashe. Da itatuwa suka girma sai tambaya ta tashi: na wa ne, na gwamnati ko na mai gona? Abin da ya kamata a tambaya tun ran fari ke nan. Wannan ya nuna mana cewa dasa icce ya fi sauƙi bisa sanin al'adar masu ƙasa.

Saboda haka, jama'a, nauyi biyu ne. Baƙo ya zauna ya koyi harshe kafin ya koyar. Mu kuma kada mu ji kunyar abinmu. Mu kai shi gayya ya riƙe hauya. Mu kai shi filin kokawa, mu gaya masa a nan Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975. In ba mu yarda da shawararsa ba, mu faɗa masa a fili, da ladabi, kada mu ce "to" mu bar shi cikin duhu. Zamanin da kwamanda ke magana mu ce ranka ya daɗe ya wuce tun 1960.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shi zai koma gida, mu za mu zauna da abin da aka dasa, ko mai kyau ko maras kyau. Ku kai wannan magana unguwanninku.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.