Cikungunya: Zazzaɓin da Ya Zagaya Duniya

 Yau za mu yi magana a kan wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, mai suna cikungunya. Ba maleriya ba ne, maganin maleriya kuma ba ya yi masa komai.

An fara gano cutar a Tanzaniya a 1952. Sunan daga harshen Makonde ne, yana nufin lanƙwashewa, domin ciwon gaɓoɓi yakan sa mai ita ya yi tafiya a duƙe. A 2004 ta ɓarke a gaɓar tekun Kenya. Tsakanin 2005 da 2006 ta kwantar da wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Riyuniyon, ta kuma shiga Indiya. A 2007 wani matafiyi daga Indiya ya kai ta Italiya, a ƙarshen 2013 kuwa ta isa tsibiran Karibiyan. Mu ma ba ta yi mana nisa ba: ta auka wa Kasala a Sudan a 2018, da Abeche a Chadi a 2020. An same ta a ƙasashe fiye da 110.

Ta yaya ta yi wannan doguwar tafiya? Mai cutar yakan hau jirgi, sauron ƙasar da ya sauka ya cije shi, ya kai wa wani. Ƙwan sauron ma yakan yi watanni a bushe bai mutu ba, har a kwashe shi cikin tsofaffin tayoyi a jirgin ruwa.

Abin lura shi ne, wannan sauro mai suna Aedes da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Yana ƙyanƙyasa ne a ruwan randa, da duro, da gwangwani, da tsohuwar taya, cikin kamar mako guda.

Saboda haka, dattawa, muna roƙonku ku sa matasa su zagaya harabar majami'a kowane mako, su kife duk abin da ke tara ruwa. Iyaye mata, mu wanke randuna, mu rufe su. Wanda zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka kama, a kai shi asibiti, ya sha ruwa sosai, kada a ba shi asfirin sai da izinin likita. Tsofaffi da jarirai ne suka fi shiga hatsari, ciwon kuma yakan daɗe watanni, ya hana magidanci noma. Mu riƙa ziyartar irin waɗannan gidaje.

Allah ya kiyaye mu. Amin.