Ina Rajistar Ma'aikata Take Kwana?

 

Lissafin lokacin ma'aikaci da na'ura ya daɗe. Tun 1888 Willard Bundy ya ƙera agogon da ke buga lokacin isowar ma'aikaci a jihar New York ta Amurka, kuma kamfanin da ya tsiro daga nan yana cikin waɗanda suka haɗe a 1911, aka raɗa musu suna IBM a 1924. Yau manhaja ta gaji agogon, iri biyu: wadda ake girkawa a kwamfutar ofis, irin su ManicTime, da wadda ke zaune a intanet ana biyan kuɗinta wata-wata, irin su Toggl da Clockify.

Dillalai za su cika muku kunne da kwalliyar kowacce. Ni tambayata ɗaya ce: ranar biyan albashi, rajistar tana hannun wa?

Ta intanet tana da daɗi, ba ƙarya. Mai kamfani yana zaune a Kano zai ga wanda ya makara a reshen Kaduna ta wayarsa. Amma rajistar tana kwana a gidan wani ne. A Disambar 2021 masu kutse suka kulle rumbun Kronos, wata manhajar lissafin lokaci ta intanet, suna neman kuɗin fansa. Aka shafe makonni asibitoci da masana'antu a Amurka sun koma biro da takarda, ma'aikata da dama suka ga albashinsu ba daidai ba. Can kenan, inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu nan mun ɗanɗana tamu a Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, sabis ya tsaya cak a sassan Afirka ta Yamma. Ga kuma dala: wanda ya shiga biyan wata-wata tana wajen naira 460 a tsakiyar 2023, kafin shekara ta zagayo ya iske ta haura 1,500.

Kada masu ta kwamfutar ofis su yi murmushi tukuna. Ku shiga ofisoshi ku gani: na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, wayarta ta bi bango zuwa wata tsohuwar kwamfuta da ƙura ta lulluɓe, kalmar sirrinta a kan akawu ɗaya tak. In ta ƙone, lissafin shekara ya tafi. In akawun yana da ɗan lele, ƙarfe tara sai ta koma takwas ba wanda ya ji.

Shawarata, mai wuri ɗaya da ma'aikata kaɗan ya tsaya kan ta ofis, ya riƙa kwafe bayanai duk Juma'a yana ajiyewa a wani waje. Mai rassa ko ma'aikatan da ke yawo ya ɗauki ta intanet, amma kafin ya biya ko sisi ya kashe data a gaban dillalin, ya sa yaro ya dangwala, ya maido da sabis ya duba ko an rubuta. Ya kuma nemi a fitar masa da rajistar wata guda a Excel.

Saura abu ɗaya. Wasu manhajojin, kamar Hubstaff, har hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci suke ɗauka. Ni dai ban ga abin da wannan leƙen asiri yake ƙarawa ba in banda zaman ɗar-ɗar. Zanen yatsa kuwa yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tsaurara a kansu, don haka ku sanar da ma'aikatanku a rubuce abin da ake ɗauka da inda ake ajiye shi.