Ciwon Kunne Da Minsharin Yara: Jawabi Ga Iyaye

Iyaye maza da mata, maganata ta yau a kan abubuwa biyu ce waɗanda akan ɗauka babu abin da ya haɗa su, watau ciwon kunne da minsharin ƙananan yara. Alhali kuwa sau da yawa tushensu ɗaya ne, likita ɗaya ne kuma yake duba su, shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Ga yadda abin yake. Can bayan hanci, inda ido ba ya gani, akwai wata tsoka da likitoci ke kira adinoyid. A gefe biyu na maƙogwaro kuma akwai wasu guda biyu, ana ce musu tansil. Aikinsu taimaka wa jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Sukan fi girma tsakanin shekara 2 zuwa 6, sa'an nan su riƙa motsewa yayin da yaro ke tasowa. To, dab da tsokar nan ta bayan hanci akwai bakin wata siririyar hanya mai kai iska cikin kunne. In tsokar ta kumbura sai hanyar ta toshe, ruwa ya taru bayan dodon kunne. Da dare kuma, in barci ya yi nauyi naman wuya ya saki, ita ce dai take tare numfashi.

Ruwan da ya taru a kunne ba kullum yake ciwo ba, abin da ya sa yake ɓoyuwa ke nan. Yaro sai ya riƙa ji sama-sama, kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. A kira shi bai amsa ba, a ce taurin kai ne. Maganarsa ta yi jinkiri, a ce gado ne. Yara da yawa sun sha bulala a gida da makaranta a kan laifin da ba nasu ba. Wani lokaci kuwa ruwan yakan zama mugunya, ga zazzaɓi, ga kuka, har dodon kunne ya fashe ta tsiyayo. Kada a ɗiga man ja, ko ruwan albasa, ko wani tsimi. Kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. A goge abin da ya fito da tsumma mai tsabta, a hana ruwa shiga wajen wanka, a kai shi asibiti. In tsiyayar ta kai kwana 14, ta zama tsohon ciwo. In bayan kunnen ya kumbura, a tafi ranar, ko da dare ne.

Game da barci, ina roƙon kowace uwa ta zauna kusa da ɗanta wani dare ta saurara. Minshari lokacin mura ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne yaron da ke minshari kusan kowane dare, baki buɗe, ƙirji na fama, sai ka ji shiru kamar numfashi ya ɗauke, sa'an nan ya zabura da shaƙuwa. Irin wannan yaro yakan yi gumi, ya yi ta juyi, wani ma ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Da rana ga rigima, ga rashin natsuwa, jikinsa ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. In abin ya daɗe yana iya wahalar da zuciya. Mai waya ya ɗauki hoto mai motsi na yaron yana barci ya nuna wa likita, domin a asibiti idonsa biyu, ba za a ji minsharin ba.

Na san a wurare da yawa wanzami ake fara kira ya cire belu. Ba na raina sana'ar kowa, amma belu ba shi ne ya toshe hanya ba, askar wanzami kuwa ba ta kai wa bayan hanci. Ga kuma haɗarin zubar jini da ɗaukar cuta daga ƙarfen da ba a dafa ba.

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa, kamar na Kano, da Zariya, da Sakkwato, da Jos, da Maiduguri, da Ibadan, da Legas. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Likita zai leƙa kunne da fitila, ya auna jin yaron, ya duba girman tsokar. Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Ruwan kunne yakan janye da kansa cikin wata 3, saboda haka in an ce ku dawo, lalle ku dawo, ko da kun ga sauƙi. Wani yaron maganin fesawa a hanci ya ishe shi.

In aiki ya zama dole, ana sa yaro barci a cire tsokar ta baki, babu yanka a waje. Wani lokaci akan sa ɗan ƙanƙanen bututu a dodon kunne don iska ta shiga, yakan faɗo da kansa bayan wata 6 zuwa shekara guda. In yaron yana da sikila, a gaya wa likita tun farko, domin shirinsa dabam ne. Bayan an koma gida a ba shi ruwa sosai da abinci mai laushi wanda ya huce, da maganin da likita ya rubuta kaɗai. Kada a ba shi asfirin. Cikin mako 2 na farko, in an ga jini a bakinsa ko a amansa, kome ƙanƙantarsa, a mai da shi asibiti nan take.