Jawabin Shugabar Mata: romon kaza mai madara da itace kaɗan

Yau ba maganar katin zaɓe na zo da ita ba, maganar murhu ce.

Ko da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, har yau hankalin uwa ba ya kwanciya in ɗanta ya nufi dajin Kamuku neman itace. Gawayi kuma kun san kuɗinsa. To ga dabara.

Ki yanka kaza ƙanana, ki zuba a tukunya mai murfi da albasa, citta, gishiri da magi, sai dankalin Turawa da karas. Ruwa ya rufe su kawai. Ta tafasa sosai minti 15. Ki sauke da zafinta, ki naɗe da tsohon bargo, ki cusa a kwali, ki danne da filo. Awa 3 za ta yi tana dahuwa ba wuta. Don Allah Hajiya, ban da leƙe, nan ake ɓata aikin! Kuma kar ta wuce awa 4, in ta huce nama na iya lalacewa.

Sai ki dama fulawa cokali 2 da madarar gari a ruwan sanyi, ki mayar da tukunyar kan wuta, ki zuba kina juyawa har romon ya yi kauri ya sake tafasa. A Amurka ɓawon fulawa suke gasawa a kai, mu burodi ya ishe mu.

Wadda ta gwada ta turo mana hoto a nan.